Baftisma Ba Filash: Yadda Na Yi Aiki Da Hasken Taga A Wani Coci A Jos

Mu masu ɗaukar hoton taro a Jos, filash ya zame mana jiki. Biki ne, suna ne, walimar kammala makaranta ce, mutum ya ɗora filash a kan kyamara, ya tsuke ƙofar haske ta gilashin kyamara zuwa f/8 (lambar f in ta ƙaru, ƙofar ƙanƙancewa take yi), ya yi ta harbawa. Fuskoki su fito tas, bayansu kuwa baƙi ƙirin, ba wanda ya damu. Masu taron ma sun saba, in ba su ga walƙiya ba gani suke ba a ɗauka ba. Shi ya sa da maƙwabciyarmu ta ce in zo in ɗauki baftismar jikarta, ta ƙara da cewa Fadan cocinsu ya hana filash muddin ana cikin sujada, sai na ce, "Mama, bari in je in ga wurin tukuna."

Ni ɗan cocin ECWA ne. A wurinmu sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiyarsa da bakinsa ake yi masa baftisma, a nutsar da shi cikin ruwa. Waɗanda na saba ɗauka a fili ake yinsu, rana na dukan kowa, haske har ya yi yawa. Jarirai kuwa miƙa su ake yi ga Ubangiji da addu'a. Irin su Katolika da Anglika ne ke yi wa jariri baftisma, a cikin coci, a zuba masa ruwa a ka. Don haka abu biyu ke gabana: in san ɗakin, in kuma san abin da Fada zai yi daki-daki, tun da wanda ba shi da filash ba shi da damar cewa a tsaya ya gyara.

Ranar Asabar za a yi, da ƙarfe tara na safe, cikin watan Disamba. Na je ranar Laraba da ƙarfe tara daidai, domin hasken da mutum zai gani da la'asar ba abin da zai gaya masa game da na hantsi. Ƙaramin coci ne ta wajen Tudun Wada, ba irin babbar majami'ar Our Lady of Fatima ba. Dogon gini, ƙofa tana kallon yamma, bagade yana gabas, tagogi masu gilashi falle-falle a jere kudu da arewa. Silin ɗin na katako ne mai duhu, irin wanda ke shanye haske ba ya mayarwa. Bangon kuma an yi masa fenti ruwan ƙasa daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum, sai daga nan zuwa sama ya zama ruwan madara.

Ina shiga na ga ɓangaren kudu ya fi na arewa haske nesa ba kusa ba, kuma da dalili. Jos tana kusan digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. A Disamba rana takan fito ta kudu maso gabas, ko da tsakar rana ma ba ta hawowa tsakiyar ka, takan tsaya wajen digiri 57 a karkace ta kudu. In damina ta kankama, wajen watan Yuni, sai ta koma ta arewa, lissafin ya juye. Wanda ya ɗauki hoto a wani coci a Yuni ya zaci ya san shi, ya komo a Disamba zai tarar da wani ɗaki dabam. Ga kuma hazon hunturu. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, in sama ta washe ranarsa kaifi gare ta, tana shiga ta taga ta zana layi-layi a jikin mutane. Amma in hazo ya sauko sai ya baza ta, ta shigo a tausashe, inuwa ba ta da baki mai kaifi. Ƙurar da ke fasa mana leɓe tana shiga mana kyamara, ita ce dai ke yi mana wannan alheri.

Na fara zagayawa da hannuna a miƙe, ina juya shi, ina duban yadda haske ke sauka a bayan hannun, tun da launinsa ne launin fuskokin da zan ɗauka. Wani dattijo da ke jera littattafan waƙa ya tsaya yana kallona.

"Ɗana, lafiya? Wani abu ka yar?"

"Lafiya lau, Baba. Haske nake nema."

Ashe shi ne katikis, mai koyar da addini a cocin. Ya yi dariya ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo coci neman haske da hannu ba, sauran da zuciya suke zuwa.

Na fito da kyamara na auna. A bencin farko kusa da tagar kudu, ISO 800 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin kyamara na kama haske) da f/2 sun ba ni 1/250 na daƙiƙa, wato tsawon lokacin da shota, murfin da ke barin haske ya shiga, za ta tsaya a buɗe. Abin so ke nan. Da na yi taku huɗu zuwa tsakiya, sai da na kai ISO 3200 kafin in sami 1/125, wato haske ya ragu ninki takwas a ɗan wannan tsakanin. Ido ba ya ganin haka, don shi yana gyara kansa, amma kyamara ba ta da kara. In ka ninka nisanka daga taga, abin da zai iso ka bai fi kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai na tambayi inda ake zuba ruwan. Baba Katikis ya nuna mini lungun arewa maso gabas, kusa da ƙofar ɗakin da Fada ke sa kaya. Nan ne wuri mafi duhu a ginin gaba ɗaya. ISO 6400, ƙofar haske a wangale, duk da haka 1/60 kawai na samu, abin da ba zai tsayar da hannun jariri ba balle ruwa mai zuba.

Sa'ar da na yi, ba ginannen wuri ba ne. Kwanon silba ne babba a kan ɗan teburin katako, mutum ɗaya ma zai ɗauka. Na ce ko za a iya matso da shi ta kudu. Ya ce, "Wannan ba hurumina ba ne, sai Fada." Muka same shi a ofis. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni, ban yi masa dogon turanci kan ISO ba, na dai ce in kwanon yana kusa da taga ba zan buƙaci filash ba ko kaɗan. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce tsofaffin mata ma sun sha ƙorafi ba sa ganin abin da ake yi a lungun can, a matsar. Amma ya kafa mini sharuɗɗa: kada in taka matakalar bagade, kada in gitta tsakaninsa da jama'a, kuma in ana karanta Bishara ko yana wa'azi in sauke kyamara. "Sujada muke yi, ba biki ba. In an tashi ka yi duk abin da kake so." Na ce, "Na ji, Fada." A raina ban ga laifinsa ba. Na sha ganin 'yan uwana masu hoto suna dafa kafaɗar mai wa'azi don su sami wurin tsayawa.

Abin da ya fi kome amfani a ranar, zaman da na yi da Baba Katikis a kan benci ne, yana faɗa ina rubutawa a bayan wata takardar sanarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce a bakin ƙofa ake farawa: Fada ya tambayi iyaye sunan da suka ba ɗansu da abin da suke nema masa a wurin ikilisiya, ya yi masa alamar gicciye a goshi, iyaye da masu tsaya wa jariri su ma su yi. Sai a shigo, a yi karatu da gajeren wa'azi da roƙo. A shafa wa jariri mai a ƙirji. A sa wa ruwa albarka. Iyaye da masu tsayawa su ƙi Shaiɗan da ayyukansa, su furta bangaskiya. Sai ruwa, sau uku. Bayansa a shafa wani man a tsakiyar kai, man zaitun ne da aka haɗa da ƙamshi, wanda Bishop ke keɓewa sau ɗaya a shekara gab da Ista. Sai farin tufa, sai kyandir da uba ko mai tsayawa zai kunna daga babban kyandir ɗin Ista, Fada ya taɓa kunnen jariri da bakinsa, a yi Addu'ar Ubangiji, a sa wa uwa albarka, a sa wa uba, a sallami kowa. Na tambaye shi da wane hannu Fada ke zuba ruwan, ta ina uwa ke tsayawa. Ya miƙe ya gwada mini da littafin waƙa a matsayin jariri. Muka tsara uwa ta tsaya arewa da kwano tana fuskantar taga, kan jariri a gwiwar hannunta na hagu, ta wajen Fada. Hannun damansa zai biyo ta bayan kan, ba zai tare haske ba, ba zai tare ni ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Nikon D750 ce ta hannu, samfurin da ya fito a 2014, tana jure ISO mai yawa ba tare da hoto ya lalace ba. Gilashin kyamara biyu na ɗauka, na 50mm da na 85mm, duka f/1.8. Ga wanda ke aiki da gilashin da ake sayar da ƙananan kyamarori da shi, 18-55mm, in ya zuƙo shi zuwa ƙarshe yakan tsaya a f/5.6. Tsakanin wannan da f/1.8 akwai haske kusan ninki goma, kuma na 50mm yana cikin mafi arha a kasuwa. Sai dai kowane sauƙi da kuɗinsa. In ka wangale shi a f/1.8 kana nesa da mita biyu, abin da zai fito da kyau daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 17 ba, ko taƙi ɗaya bai cika ba. Idon jariri ya fito, fuskar uwarsa ta yi dishi-dishi. Don haka na yanke in zauna a f/2.2 zuwa f/2.8 duk inda haske ya yarda, in ɗaga ISO ya biya bashin. Hoton da ya yi yashi-yashi saboda ISO ana iya gyara shi, ana iya wanke shi a rataye. Wanda ya girgiza kuwa sai kwandon shara.

Daren Juma'a na kashe ƙarar da kyamara ke yi in ta kama saiti, na kashe 'yar fitilar da ke kunna kanta a duhu don taimaka wa saitin, wadda in ta haska a fuskar Fada ba shi da yadda zai bambanta ta da filash. Na sa shota a kan Q don rage ƙarar madubi, na sa katin memori biyu kowane hoto ya shiga duka, na zaɓi RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara a kwamfuta. Na ajiye baƙar riga da takalmi mai taushin ƙasa.

Asabar ta zo da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Jarirai bakwai ne, kowanne an naɗe shi da suwaita da hular ulu da farin shawul, sai ɗan hanci kake gani. Matan zumunta sun zo da ruwan zafi a filas ɗin shayi, Baba Katikis ya sirka na kwanon yana gwadawa da gwiwar hannu. Na roƙe shi ya kashe dogayen fitilun da ke layin kudu, ya kashe. Dalilina biyu ne. Hasken rana yana wajen 5500 a Kelvin, ma'aunin launin haske, na waɗannan fitilun kuwa yana da wani kore-kore, in suka haɗu a fuska ɗaya rabinta ta yi daidai rabi ta yi kamar mai jinya, kuma ba gyaran da zai daidaita su duka. Na biyu, wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin waɗannan fitilu suna ƙiftawa sau 100 ke nan. Ido ba ya kamawa, amma shota in ta fi 1/100 sauri tana kamawa, sai ka ga hoto ɗaya ya yi haske na bayansa ya yi duhu, launi yana sauyawa alhali ba ka taɓa kome ba. Kafin mutane su cika na ɗauki farin ƙyallen da aka shimfiɗa a teburin kwano, don in sami abin da zan daidaita launi da shi daga baya.

A bakin ƙofa aiki ya fara da tarko. In na tsaya a ciki ina kallon waje, farfajiya ta yi fari fat, mutane su zama baƙaƙen inuwoyi. Sai na fita na tsaya a gefen matakala, hasken waje ya zama yana bayana yana sauka a kansu, duhun cikin coci ya zama bango. ISO 400 ya isa. Nan na sami babban yatsan Fada a goshin jaririyar, da na kakarta a bayansa yana rawa.

Da muka shiga sai na mayar da kyamara hannuna gaba ɗaya, ban bar mata zaɓin kome ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani matsakaicin toka-toka. In farin shawul da farar rigar Fada suka cika hoto, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskokinmu su nutse. In ta kalli atamfa mai duhu da benci, sai ta ƙara, farin kaya ya ƙone har zaren leshi ya ɓace. Baƙar fata cikin fararen tufafi ita ce jarrabawar kowane mai hoto a ƙasar nan, kuma a baftisma farin kaya ne ya fi yawa. Abin da na yi, na auna a kuncin uwar da ke fuskantar taga, na ɗauki gwaji, na duba allon inda wuraren da suka ƙone ke ƙiftawa. Na rage kaɗan har ƙiftawar ta bar shawul ta tsaya a gilashin taga kawai, na kulle a nan. Taga ta ƙone ba komai, ba wanda ya biya kuɗi don ya ga abin da ke bayanta.

Lokacin Bishara da wa'azi na sauke kyamara kamar yadda aka ce, na zauna a ƙarshen bencin farko. Ban yi asarar kome ba. Hoton mutane suna sauraron wa'azi duk iri ɗaya ne.

Tamu ce ta huɗu a layi, wannan kuwa gata ne. Na durƙusa gaban bencin farko, ɗan kudu da kwano, ina kallon arewa maso gabas, taga tana damata. Ukun farko ban ɗauke su ba, ba nawa ba ne, kowanne da mai hotonsa ko mai wayarsa, amma na bi su ta cikin kyamara ina koyon hannun Fada. Na ga yakan cire hular jariri da kansa, ya ɗebo ruwa da ɗan moɗa, ya ɗaga shi sama kaɗan kafin ya karkata, kuma tsakanin zubawa da zubawa yakan dakata gwargwadon numfashi ɗaya. Na ga in na tsaya a miƙe ruwan yana faɗawa kan farar rigarsa ya ɓace, in kuwa na yi ƙasa na ɗan matsa dama, zanin uwa mai duhu da lungun can ne ke bayansa, sai ya fito kamar zaren azurfa. Ruwa ba shi da launi, sai haske ya buge shi daga gefe duhu yana bayansa ake ganinsa. Na sa 1/500, f/2.5, ISO 3200.

Ana kan na uku sai duk fitilun coci suka kama. Wani saurayi cikin masu hidima ne ya ga mai hoto yana fama a duhu, ya ce bari ya taimaka. Na waiga, na haɗa ido da Baba Katikis, na nuna sama da haɓa. Bai ce uffan ba, ya taka a hankali ya kashe layin kudu, ya dafa kan yaron. Da ban zo Laraba ba, wa zan yi wa wannan inkiya ya gane?

Aka kira sunanmu. Uwar ta matso, uwar baftisma na gefenta riƙe da tawul. Sai ga wani kawun jaririyar da waya a sama, ya shigo daidai gabana. Na ja gefen babbar rigarsa na ce a hankali, "Kawu, don Allah ɗan koma hagu, zan turo maka wanda ya fi wannan." Ya harare ni, amma ya matsa. Na ɗora saiti a kan gashin idon da ke kusa da ni tun kafin moɗa ya taɓa ruwa, don in ruwa ya fara zuba kyamara takan bar fuska ta bi shi.

"Ina yi miki baftisma cikin sunan Uba." Ruwan ya sauka a goshi ya bi ta cikin gashi, ɗan tururi yana tashi, hasken taga ya kama shi. Ita kuwa ba ta riga ta gane abin da ya same ta ba, idonta a buɗe, hannu ɗaya a dunƙule. Na danna biyu. "Da na Ɗa." Ta runtse ido, goshi ya tattare, baki ya fara buɗewa. "Da na Ruhu Mai Tsarki." Ta callara kuka, wata daga cikin matan zumunta ta rangaɗa guɗa daga baya, coci ya ɗauki dariya. Duka abin bai kai daƙiƙa goma ba. Kyamarar tana iya harba sama da hoto shida a daƙiƙa, amma ban sake mata linzami ba, ƙarar za ta cika wurin, kuma wanda ya san lokacin da ruwa zai sauka ba ya buƙatar hakan. Zubawar farko ita ce ta hoto. Ta biyu da ta uku na kuka ne, su ma iyaye suna so, amma ba su ake sa wa firam ba.

Ruwa na ƙarewa ban tsaya duba allo ba, na ɗaga kai zuwa fuskar uwar. Tana dariya tana share hawaye da kafaɗa tun da hannayenta a cike suke. Tana fuskantar taga kai tsaye, haske ya zauna mata daidai. Na mayar da shota 1/250, na sauke ISO zuwa 1600.

Shafa mai a ka da sa farin tufa sun wuce da sauri, na canza zuwa 85mm na ɗauke su daga inda nake, yatsa mai sheƙin mai a kan jiƙaƙƙen gashi. Kyandir ne ya so ya ba da wahala. Babban kyandir ɗin Ista yana kusa da bagade, nesa da tagata, kuma ba ni da izinin hawa. Hasken kyandir bai wuce 1900 a Kelvin ba, ja-ja ne, ga rauni, ba ya kai wa fuska sai tana dab da shi. Uban ya kunna nasa ya juyo, iskar hunturu ta biyo ta tsakanin gilasan taga tana neman kashe shi, sai ya kare harshen wutar da tafin hannunsa ya matso da shi kusa da ƙirji. Tafin nan ya mayar da hasken kan haɓarsa da kumatunsa. Na kai ISO 6400, na buɗe f/1.8, na sauka 1/125, na manna gwiwar hannuna a jikin benci, na riƙe numfashi. A kan fuskarsa na auna, na bar harshen wutar ya ƙone ya zama fari, haka ido ma ke ganinsa.

Da aka tashi Fada ya ce to, mai hoto, yanzu fili naka ne. Dangi suka nufi tsakar farfajiya, rana ta riga ta ɗaga, kowa zai runtse ido ga inuwa a ƙarƙashin ɗankwali. Na maido su inuwar baranda, na jera su a kan matakala suna kallon waje, na tsuke zuwa f/5.6 don layi uku su fito. Na iyaye, na masu tsayawa, na dangin uwa, na dangin uba, na matan zumunta, na Fada da Baba Katikis da jaririyar. Kawu mai waya ya shiga kusan duka.

A kwamfuta aikin bai yi yawa ba. Na ɗauki launi daga hoton farin ƙyallen nan na shafa wa duk waɗanda aka ɗauka kusa da taga. Na kyandir na bar shi da jansa, in aka mayar da shi fari ya tashi daga hoton kyandir. Na ɗaga inuwa kaɗan a fuskoki, ban taɓa launin fatar kowa ba, ko da yake akwai abokan sana'a da ke ganin sai an haskaka mutum ya zama wani kafin a ce hoto ya yi kyau. Yashi-yashin ISO na rage shi rabi kawai. In aka matsa a share shi duka, fatar jariri takan koma sumul ta rasa rai, gashin ido ya narke. Kuma abin da ke tayar wa mutum hankali in ya zuƙo hoto a allo, a takarda mai inci 5 da 7 ko 8 da 10 ba a ganinsa.

Wurin wanki na kai su da kaina, ta wajen Terminus. Allo yana da haskensa, takarda ba ta da shi, don haka na ƙara musu haske ɗan kaɗan kafin in kai. Na kuma ce wa yaron da ke kan injin kada ya bari ya yi musu gyaran kansa, domin injin in ya ga hoto mai duhu da yawa sai ya haskaka shi duka, lungun da ya sa ruwa ya fito ya koma toka. Ya fitar da gwaji ɗaya muka duba a bakin ƙofa, sannan ya saki sauran. Na waya kuma na tura ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada ya matse su. Kawu ya sami nasa.

Uwar jaririyar na ruwan ta zaɓa a yi mata babba. Mama kuwa ta daɗe tana juya na kyandir, ta ce, "Ɗana, wannan ai an cuci yarona, rabin fuskarsa ba ta fito ba. Ko wuta aka ɗauke?" Na yi mata bayani, ta saurara har na gama, ta ajiye shi gefe. Na barandar ta ɗauka, wanda kowa ya fito har da ƙanwarta da ta zo daga Bukuru, ta ce a sa masa firam, a ƙara wanke biyu za ta aika ƙauye.